Jatau da Muryar Cikin Katantanwa

Ga wani labari nan ya taso daga bakin teku, da sauran gishiri a jikinsa. Mai son ji ya matso kusa.

A garin Dalangi, inda babban kogi yake zuba cikin teku, aka wayi gari wata rana duk rijiyoyi sun koma ruwan gishiri. Kogin ma da ake gudu gare shi, teku ya hau shi ya ɓata shi har can nesa. Mata suka riƙa yin tafiyar wuni kafin su samo tulu guda na ruwan daɗi. Awaki suka fara mutuwa, masu ƙarfi suka soma ɗaure kaya za su bar garin.

Akwai wani matuƙin jirgin ruwa a garin, sunansa Jatau. Ba mai ja da shi a kan ruwa, shi ma kuwa ya san da haka. Matarsa Tabawa 'yar masunta ce, mace mai yawan fara'a, kuma Jatau yana yi mata irin son nan da ba ya ƙaunar ya ga ko iska ta taɓa mayafinta.

Ran nan Tabawa ta fita shanyar kifi a bakin ruwa, sai igiyar ruwa ta gangaro da wata katantanwa ta ajiye mata a kan ƙafa. Girmanta ya kai ƙoƙon shan fura, bayanta fari, cikinta ja kamar garwashi. Ta ɗauka ta kara a kunne, sai ta ji muryar namiji, a natse, ta yi mata sallama.

Muryar ta ce, “Ya ke matar Jatau, in kuna son ruwan garinku ya dawo, sai ku yi kudu. Bayan Lungun Ƙwarya akwai wata ƙasa inda wani itace yake tsirowa, saiwarsa tana shanye gishiri ta bar ruwa garau. Ki gaya wa mijinki ya shirya jirgi. Ni zan faɗa muku hanya.”

Shi Lungun Ƙwarya wani wuri ne da teku ya ci cikin ƙasa ya yi zagaye kamar rabin ƙwarya. Duk mai zuwa kudu dole ya bi ta nan, kuma mutanen Dalangi ba su taɓa ganin wanda ya shiga ya dawo ba.

Tabawa ta koma gida da sauri ta ba mijinta labari. Jatau ya karɓi katantanwar ya kara a kunnensa. Bai ji komai ba sai rurin ruwa. Ya sauya kunne, ya girgiza ta, ya sake karawa. Rurin ruwa dai.

Ya dube ta ya ce, “Wane ne shi? A ina ya san ki?”

Ta ce, “Wallahi, maigida, ban san shi ba. Na tambayi sunansa, ya ce ba a ba shi izinin faɗa ba.”

Ya ce, “Ya san sunana, ya san ina da jirgi, amma ke ya zaɓa ya yi wa magana.”

Da son ransa ne, da a ranar ya fasa katantanwar da taɓarya. Amma labari ya riga ya kai ga dattawan gari. Suka zo suka cika masa zaure, suka ce in ba shi ba, ba wanda zai iya wannan tafiya. Bai ga ta inda zai ƙi ba. Aka loda wa jirgi gari da busasshen kifi da randunan ruwan daɗi, aka ɗauki ma'aikata, Tabawa kuma ta shiga da katantanwarta, tun da ita kaɗai ke jin abin da ake faɗa.

Kafin su tashi ta saurara, ta ce, “Ya ce mu riƙa tashi da sassafe, lokacin da iska ke busowa daga tudu. Mu ajiye ƙasa a hannun hagu. Kada mu matse ta har mu ji carar zakara, kada kuma mu nisance ta har duwatsu su ɓace mana. In mun ga ruwa ya yi fari kamar nono, rairayi ne a ƙarƙashi, mu kauce. Kuma kullum mu jefa ƙugiya mu tsaya kafin la'asar, don iskar yamma ta wannan yanki ba ta da mutunci.”

Jatau ya ce, “Wannan ai ko ɗan koyo ya sani.” Amma zancen farin ruwa bai taɓa jin sa ba, kuma hakan ya fi komai ƙona masa rai.

Suka ɗaga babban zanen da ke kama iska, suka miƙa kudu. Kwanci-tashi suka iso bakin lungun. Wasu duwatsu biyu ne suke gadinsa, dogaye har gajimare, kuma numfashi suke yi. In suka fesar da numfashi, ruwa ya tashi ya yi tsiri kamar rumbu, in suka ja, ya kwanta. Da ma'aikatan suka ga haka, ba su ko nemi shawara ba. Suka kwance ƙaramin kwalekwale suka dira ciki suka juya gida, suka bar Jatau da matarsa.

Tabawa ta ce, “Ya ce mu jira sai sun ja numfashi, sannan mu saki jirgin ya bi.”

Suka jira, duwatsun suka ja, jirgin ya shige tsakaninsu sumul kamar zare a kafar allura.

Cikin lungun ruwa kore ne shar, kifaye masu gashin tsuntsu suna tashi suna sauka a kan jigon da ke riƙe da zanen jirgi. Da hantsi suka hangi farin ruwa, kuma a tsakiyarsa ga wasu mutane tsaye cikin manyan riguna, suna ɗaga hannu. Mutanen suka yi kira, “Salamu alaikum, Jatau sarkin matuƙa. Matso ka sha ruwa, mun daɗe muna jin labarinka.”

Jatau ya ji daɗin kirarin, ya buɗe baki zai amsa, sai Tabawa ta yi wuf ta toshe masa baki da tafin hannunta. Ta raɗa masa, “Ya ce kada mu amsa sallamar wanda ba shi da inuwa.”

Ya duba, ga rana ta fito sarai amma ba ko ɗaya a cikinsu mai inuwa. Ya karkata jirgi ya kauce. Suna wucewa sai mutanen nan suka tanƙwaro gaba ɗaya, ashe ba mutane ba ne, yatsun wani ƙaton hannu ne da ke kwance ƙarƙashin rairayi. Hannun ya damƙe, bai kama komai ba sai ruwa, ya nutse yana gurnani.

Maimakon Jatau ya gode, sai ya ɗaure fuska. Ya zauna a bayan jirgi riƙe da sandar tuƙi, idonsa a kan matarsa. Tana zaune a gaba, katantanwa a kunne, wani lokaci ta gyaɗa kai, wani lokaci ta yi murmushi. Rannan har ta yi dariya.

Ya ce, “Me ya ce?”

Ta ce, “Ba komai, maigida. Cewa ya yi gajimaren can ya yi kama da tsohuwa ta ɗauko tallan fura.”

Jatau ya ɗaga kai ya dubi gajimaren. Ya yi kama kuwa. Ya ce, “Ashe ban da hanya har hira kuke yi.”

Ta ce, “In ba ka so, sai in daina dariyar.”

Ya ce, “Ni na hana ki? Yi abinki.”

Washegari suka kai inda gaɓa ta lanƙwashe ta yi nisa cikin ƙasa. Daga nan ana hango ɗaya gefen lungun dishi-dishi. Tabawa ta ce, “Ya ce kada mu yanke ta tsakiya, ko da mun ga kusa ne. Mu bi gefe yadda ya lanƙwasa, don tsakiyar hanya ce, kuma tana da masu ita.”

Jatau ya ce, “Ki gaya masa jirgin nan yana da mai shi.” Ya murɗa sandar tuƙi ya nufi tsakiya kai tsaye.

Ba su yi nisa ba sai ruwa ya canza launi ya koma baƙi, ya fara gudu arewa kamar kogi ya yi ambaliya. Sai ga ayarin aljanu ya ɓullo, raƙuma na ruwa zalla, kana ganin kifaye suna yawo a cikin cikinsu, an labta musu kayan murjani. Ayarin ya kwashi jirgin ya yi gaba da shi kamar kara. Madugun ayarin ya sunkuyo daga kan raƙuminsa, rawaninsa na kumfa, gemunsa yana ɗiga.

Ya ce, “Ya kai ɗan Adam, wa ya ba ka izinin gitta hanyar ayari? Dokarmu ita ce, duk abin da muka tsinta a kan hanya kaya ne. Za mu ɗaura ku a bayan raƙumi, mu yi arewa da ku har inda ruwa ke daskarewa.”

Tabawa ta kara katantanwa a kunne, sannan ta miƙe ta rusuna ta ce, “Ranka ya daɗe, Madugu, uban tafiya. Mun yi laifi. Amma mun ji cewa a dokarku ba a ɗaure wanda ya shayar da ayari ruwan daɗi.”

Madugu ya lashi leɓe. Ya ce, “An sanar da ke daidai, ya ke 'yar Adam. Mu mazauna gishiri ne, rabonmu da ruwan daɗi tun kakanninki ba su zo duniya ba. Kawo.”

Suka miƙa randunan, aljanu suka yi ta kurɓa suna lumshe ido, har ba su bar musu komai ba sai abin da ba zai kai su ko'ina ba. Madugu ya ɗaga sandarsa, ayarin ya tsage biyu, wata igiyar ruwa ta ɗauki jirgin ta mayar da shi gefen gaɓa. Kafin ya wuce ya dubi Jatau ya ce, “Ka gode wa mai ba matarka shawara. Ba don shi ba, da yanzu kai kaya ne.”

Wannan magana ta ɓata wa Jatau rai. Ya ƙi cin abinci, ya ƙi magana. Gani yake da an yi arewa da shi a bayan raƙumi, da ya fi masa sauƙi a kan a ce wani ƙato da ke raɗa wa matarsa magana ne ya cece shi.

Da ruwansu ya ƙare, muryar ta nuna musu wani tsibiri. Tabawa ta ce, “Ya ce akwai idon ruwa a bayan duwatsun can. Ka ɗebo ka dawo. In ka ga wata tsohuwa tana kaɗi a gindin itace, kada ka tsaya.”

Jatau ya ɗauki tulu ya sauka. Ya sami ruwan, ya ɗiba, yana juyowa sai ga tsohuwar zaune a gindin wani itace mai ganyen azurfa, mazari na juyawa a hannunta. Idanunta manya ne, sun sha tozali har kunne.

Ta ce, “Barka da zuwa, ya kai mai ciwon da ba a gani. Ni ce Kaka Tozali. Tun daga nesa nake jin ƙaurin zuciyarka.”

Jatau ya tsaya. Ya ce, “In kin san ciwon, kin san maganinsa?”

Ta ce, “Magani ba na da shi. Amma ina da tozalin da zai nuna maka fuskar mai muryar. Abin da zan karɓa ba shi da yawa. Ka ba ni sanin gabas da yamma da kudu da arewa da ke cikin kanka.”

Jatau ya yi tunani, ya ce a ransa, rana tana nan a sama, wa zai iya ƙwace mini gabas? Ya ce, “Na yarda.”

Tsohuwar ta sa yatsu a kunnensa ta zaro wani siririn zare mai sheƙi, ta naɗe shi a jikin mazarinta. Ta shafa masa tozali, ta koma kan kaɗinta kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Da ya dawo jirgi ya tarar da Tabawa tana saurare, ta sunkuyar da kai. Ya dubi katantanwar, sai bayanta ya zama garau kamar ruwa. A ciki ya ga wani saurayi, fari, dogo, mai faɗin ƙirji, sanye da riga shuɗiya, ya kai bakinsa dab da kunnen Tabawa yana magana yana murmushi. Jatau bai san lokacin da tulun ya faɗi daga kafaɗarsa ba. Ya fizge katantanwar, ya wurga ta iya ƙarfinsa. Ta faɗa ruwa ta nutse.

Tabawa ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon inda ta faɗa, sannan ta ce, “Yana tsakiyar gaya mini yadda za mu wuce Hancin Kudu ne. Shi ne wuri na ƙarshe, kuma ya ce ya fi duk na baya.”

Ya ce, “Na ga fuskarsa, Tabawa. Na ga irin kallon da yake yi miki.”

Ta ce, “Ni ban taɓa ganinta ba. Kai ka ga abin da ka je nema.”

Ya ɗebo wani ruwan, ya zare ƙugiya, ya ɗaga zane. Ya ɗaga kai ya dubi rana don ya saita hanya. Ga rana nan yana gani, amma ba ta gaya masa komai ba. Ya dubi ƙasa, sai ya ga kamar tana kowane gefe. Ya ci gaba da tuƙi, har sai da Tabawa ta ga sun sake wuce itacen azurfa.

Ta ce, “Maigida, zagaye muke yi. Me ka ba tsohuwar nan?”

Ya gaya mata. Ta tashi ta koma gaban jirgi ta miƙa hannunta kudu, shi kuma ya bi hannun.

Hancin Kudu wani baƙin dutse ne da ya kutso cikin teku a ƙarshen lungun. Da suka doso shi sararin sama garau yake, tsuntsaye duk sun sauka sun zauna a kan ruwa. Ba su san abin da hakan ke nufi ba. Kafin su ankara iska ta faɗo musu daga kan dutsen, ta yaga zanen, ta juya jirgin. Ruwa ya buɗe baki a gabansu yana juyawa kamar dutsen niƙa, ya haɗiye su.

Suka yi ta gangarawa, amma ba su jiƙe ba, numfashinsu kuma bai ɗauke ba. Jirgin ya sauka a hankali a tsakiyar wani birni. Ganuwarsa ta gishiri ce, titunansa an shimfiɗe su da kuɗin wuri, kifaye suna wucewa ta sama kamar tsuntsaye. Dogarai masu kan kada suka zo suka tasa su gaba har fada.

Sarkin birnin yana zaune a kan ƙoƙon bayan wani ƙaton kunkuru. Jikinsa fari ne fat, yana narkewa yana sake haɗuwa kamar kumfa. A tsaye a damansa ga saurayin nan mai shuɗiyar riga, katantanwar a hannunsa, ta tsage. Da Jatau ya gan shi sai ya yunƙura, dogarai suka riƙe shi.

Sarki ya ce, “Ni ne Ɗan Kumfa, mai Lungun Ƙwarya da abin da ke cikinsa. Ya kai Jatau, me wannan bawan Allah ya yi maka da ka jefe shi da alherinsa?”

Jatau ya ce, “Ranka ya daɗe, namiji ne, kuma ya sa bakinsa a kunnen matata. Ni mijinta ina tsaye, ko kalma ɗaya bai ga na isa ya faɗa mini ba.”

Sarki ya ce, “Ka san fuskar ubanka?”

Jatau ya yi turus. Ya ce, “Ban san ta ba. Ina cikin mahaifiyata ya tafi, bai dawo ba.”

Sarki ya ce, “To, ga ta nan. Wannan Barmo ne, mahaifinka. Jirginsa ya fashe a Hancin Kudu, na tsame shi da ransa na sa shi jagoran jiragena. A nan ba a tsufa, shi ya sa ka ga ka girme shi. Sharaɗin zamansa shi ne jininsa ba zai ƙara jin muryarsa ba. Da ya ji abin da ya sami garinku, ya roƙe ni ƙofa guda, na ba shi wannan katantanwa. Ya aika wa surukarsa, don ita ce kunnen da ya fi kusa da kai. Yanzu ka fasa ƙofar.”

Jatau ya durƙusa. Ya dubi saurayin, ya ga goshinsa, ya ga hannayensa, duk irin nasa. Ya ce, “Baba.”

Barmo ya buɗe baki ya yi magana. Jatau ya ga leɓunansa suna motsi, amma abin da ya shiga kunnensa rurin ruwa ne kawai. Ya waiwaya ya ga hawaye na zuba a idon Tabawa, ya gane ita ta ji. Sai wani sabon kishi ya taso masa, wanda ya fi na farko zafi. Duk tsawon tafiyar nan ubansa yana hira da ita, har yana ba ta dariya, shi kuwa da ya tashi maraya ko sunansa bai taɓa ji daga bakin nan ba.

Sarki ya ce, “Saboda hidimar Barmo zan mayar da ku sama, kuma zan ɗage sharaɗin sau ɗaya. Zai yi magana a kunne guda, ya faɗi yadda ake wuce Hancin Kudu, daga nan bakinsa ya rufe ga 'yan Adam har abada. In ka zaɓi kunnenka, za ka ji muryar ubanka. Sai dai shawarar duk yamma ce da kudu, kai kuwa ka sayar da su, kuma abin da aka faɗa a kunne guda a fadata ba ya maimaituwa daidai a wani bakin da bai fahimce shi ba. In ka zaɓi kunnenta, za ku wuce. Zaɓi.”

Tabawa ta ce a hankali, “Maigida, karɓi. Ubanka ne. Ni na ji rabona.”

Jatau ya dubi mahaifinsa, ya daɗe yana dubansa. Ya tuna matan Dalangi da tuluna a ka. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a faɗa mata.”

Barmo ya tako ya sunkuya a kunnen Tabawa. Jatau yana tsaye yana kallo, ya dunƙule hannu har farcensa ya shige tafinsa, amma bai motsa ba. Maganar ta yi tsawo. Da Barmo ya gama, ya zo ya ɗora hannunsa a kan Jatau. Hannun sanyi ƙalau. Kafin Jatau ya kama shi, ruwa ya ɗaga jirgin sama, birnin ya yi ta ƙanƙancewa a ƙarƙashinsu har ya ɓace.

Suka ɓullo a inda suka nutse, zanensu a ɗinke kamar bai taɓa yagewa ba. Tabawa ta ce, “In tsuntsaye suka zauna a kan ruwa, iska ce ke tafe, mu naɗe zane tun ba ta iso ba. Sannan mu nufi dutsen kai tsaye kamar za mu yi karo da shi. A jikinsa ta yamma akwai siririn ruwa mai zurfi da ke gudu kudu, shi zai fitar da mu. Duk wanda ya ji tsoro ya buɗe ya bar dutsen, shi ruwa ke haɗiyewa.”

Tsuntsaye suka sauka, suka naɗe zane. Tabawa ta miƙa hannu ta nuna dutsen, Jatau ya saita jirgi a kansa. Dutsen ya yi ta girma har ya rufe musu sama. Duk abin da Jatau ya sani na tuƙi yana ce masa ya kauce, amma idonsa bai bar hannun matarsa ba. Sai da suka kusa taɓa dutsen ta karkata hannu, ya karkata. Ruwan ya kama su ya ja su ta jikin dutsen, iska ta wuce ta samansu tana kuka, suka fita cikin buɗaɗɗen teku.

Bayan Hancin Kudu suka sami ƙasar da aka faɗa musu. Itatuwan suna tsaye a cikin ruwan gishiri, amma a gindin kowanne akwai tafkin ruwa mai daɗi, barewa da tsuntsaye suna sha. Suka ciri 'ya'yan itacen da saiwarsu, suka cika jirgi, suka juyo. A dawowa suka ajiye ƙasa a hannun dama, suka bi gefe yadda ya lanƙwasa, ba su amsa sallamar kowa ba. Aka dasa itatuwan a bakin rijiyoyin Dalangi, kafin damina ta zagayo ruwa ya dawo garau, waɗanda suka tashi suka komo gidajensu.

Jatau bai ƙara sanin gabas ba har ya tsufa. Ko salla zai yi sai Tabawa ta juya masa tabarma. Bai bar tuƙi ba, amma duk inda aka ga jirginsa, za a gan ta zaune a gaba da hannu a miƙe.

Wata rana da yamma suna gyaran komar kamun kifi a bakin ruwa, ya ce mata, “Tabawa, maganar nan ta fada ta yi tsawo. Shawarar dutse ba ta kai haka ba. Me ya ƙara?”

Ta ce, “Na ɗauka ba za ka taɓa tambaya ba. Ya ce tun kana saurayi yake gane jirginka daga ƙarƙashin ruwa, don yadda kake riƙe sandar tuƙi irin nasa ne. Ya ce ya sha bin ka ta ƙarƙashin ruwa har bakin kogi, sannan ya juya.”

Jatau ya ajiye komar. Can ya ce, “Har gobe ina jin haushin ke kika ji, ba ni ba. Muryar tasa, da ta wa ta yi kama?”

Tabawa ta ci gaba da ɗinkinta, ta ce, “Da taka, maigida, in ba ka cikin fushi.”

Nan labarin ya jefa ƙugiya ya tsaya, kowa ya sauka lafiya.